Kumburin da ba ƙiba ba ne

Ni mutumin Hawandawaki ne. Zan ba ku labarin ɗan ƙanena, yaro mai shekara 7, da abin da ya same shi bara da kaka.

Tun da damina ƙazwa ta shiga gidanmu. Yara suna susa dare da rana. Shi wannan yaro ya yi ta susa har ƙafafunsa suka yi gyambo, suna ruwa. Ba wanda ya damu. Wane gida ne ƙazwa ba ta taɓa shiga ba? Gyambon ya bushe, muka manta.

Bayan kamar sati 4, wata safiya ya tashi fuskarsa ta cika, idanu kamar an hura su. Inna, kakarsa, ta yi murna. Ta ce, "Sabon gero ya karɓi mijina, ga shi ya yi kumatu." Uwarsa ce ba ta yi murna ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, fitsarinsa ya koma kamar shayi, kuma ɗan kaɗan yake yi." Na danna ƙafarsa da yatsa. Wurin ya lotsa, bai taso ba.

Muka kai shi likita. Majo ya tsoma wata ƴar takarda cikin fitsarin, ta sake launi. Ya auna jininsa, ya ce ya hau. Yaro ɗan shekara 7 da hawan jini! Nan take ya rubuta mana takarda zuwa Tasawa. Ya ce kada mu kwana, don hawan jini irin wannan yana iya kawo suma da fizge-fizge.

A Tasawa lokotoro ya ce ƙoda ce. Ya tambaya ko yaron ya yi ciwon maƙogwaro ko gyambo kwanan baya. Ƙanena ya ce, "Ranka ya daɗe, me ya haɗa ƙafa da ƙoda?" Ni ma abin da ke bakina ke nan. Ga abin da na gane daga bayaninsa.

Ƙoda kamar matacin koko take. Kowace ɗaya tana da ƙananan matatai kusan miliyan 1. Suna tace jini, datti ya fita ta fitsari, abin kirki ya tsaya. A cikin jini kuma akwai wasu masu gadi, sun fi iri 30, hanta ce ke yin yawancinsu. Likitoci suna kiransu komfuleman. Ni dogarai nake ce musu. Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam, Jules Bordet, yana cikin waɗanda suka fara gano su, har ya sami kyautar Nobel ta 1919. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki ta gyambo, dogaran nan su taso mata. To, wani lokaci faɗan yana ƙarewa ne a bakin matatan ƙoda. Matatai su kumbura, su yage. Jini ya zuba cikin fitsari, ruwa da gishiri su taru a jiki. Ashe kumatun da Inna ta gani ruwa ne.

Aka ba shi maganin fitar da ruwa, da na hawan jini, da na kashe ƙwayar cutar. Aka hana shi gishiri da magi. Wannan ya fi allura yi masa zafi. Miyar kuka ba gishiri, ya yi ta kuka. Aka ce kuma duk gidan mu yi maganin ƙazwa tare, mu wanke tufafi da shimfiɗu. Cikin kwana 10 kumburi ya saɓe.

Da za a sallame mu, lokotoro ya ce mu dawo bayan wata 2, ko da yaron yana tsalle. Ya ce yawancin yara suna warkewa sarai, dogarai su koma gida cikin sati 6 zuwa 8. Amma akwai ƴan kaɗan, kaɗan ƙwarai, da dogaransu ba su da mai ce musu "ya isa". Cikin masu gadin akwai wanda aikinsa ke nan, tsawatarwa, ana kiransa H. Wani da raunin H ake haifarsa, gadon gida ne. Irin wannan yaro, cuta ta tafi amma duka bai tsaya ba, ƙodarsa ake ta bugu a ɓoye. Farkonsa daidai yake da na ɗanmu, ido ba ya rarrabewa. Sai lokaci ya wuce a ga abin bai kwanta ba, a auna wani dogari mai suna C3 a babban asibiti. Idan ƙoda ta gaji, sai wankin jini da inji, irin wanda ake yi a Yamai. Akwai wani nau'in mai tsanani da aka samo wa allura, ekulizumab, Amurka ta yarda da ita a 2011. Kuɗinta kuwa, ko an sayar da rumbunan gari ba za su kai ba.

Ranar komawa ta zo daidai da ɗaurin dammuna. Ƙanena ya ce, "Yaya, yaron da ke hawan jaki, a kai shi likita? Kuɗin mota fa?" Ban ga laifinsa ba, shekarar ba ta yi kyau ba. Amma maganar dogarai ta hana ni barci. Na sayar da buhun wake rabi, na ɗauki yaron da kaina.

Aka auna jini, bai hau ba. Aka tsoma takarda cikin fitsari. Lokotoro ya duba, ya ce saura ɗan burbushi, shi wannan yakan daɗe kafin ya ɓace. Ya ce in mun ga fitsari ya sake yin ja, ko yana kumfa kamar sabulu, ko fuska ta cika da safe, mu zo ranar nan. Ya sa mana wata rana bayan wata 6.

Na rubuta ranar a bangon ɗakina da gawayi. A tasha na saya wa yaron ƙosai, ya tambaye ni ko da gishiri. Na ce masa da akwai.