Wili na Huɗu

A Yelwa ta ƙasar Yawuri akwai wani dattijo direba wanda aka haifa a wani gungu na kogin Kwara. Yana yaro ruwan madatsar Kainji ya cinye gungun nasu a 1968, aka tashe su zuwa tudu. Mahaifinsa masunci ne, shi kuwa ya bar jirgi ya kama mota, ya yi shekara da shekaru yana jigilar fasinja da busasshen kifi tsakanin Yelwa da Kwantagora.

Da ido ya fara gazawa, sai ya ƙudura sayar da motar domin ya biya wa autansa kuɗin makaranta. Dillali ya ce masa mai saye ƙafa yake fara dubawa. Saboda haka ya kwance wilin nan huɗu na sanholo, ya jera su a zaure.

Shi sanholo ba ya jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, sai dai ya dushe, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka. Dattijo ya wanke su da sabulu, ya soma da samfefa mai kaushi, lamba 400, yana tsoma ta a ruwa kada gari ya toshe ta, sa'an nan 800, da 1500, har 2000. Ba a tsallake lamba, domin kowace tana share zanen da ta gabanta ta bari. Cikin kwana uku wili uku suka koma kamar madubi.

A na huɗu ne gugar ta tono wata tsaga, siririya kamar gashi. Yaron ya duba, ya ce, "Baba, a shafe ta da fenti mana. Wa zai gani?"

Dattijo ya ce, "Hanyar Kwantagora za ta gani."

Ya san wili mai tsaga kyan ɗan maciji ke gare shi: rami guda ya isa ya fasa shi, mota na gudu, cike da 'ya'yan mutane. Washegari ya kai shi wurin masu zubin tukwane a kasuwa, waɗanda gawayi da zugazugi suka ishe su, tun da sanholo a zafin digiri 660 yake narkewa. Ya sayo wani wilin na hannu, kuɗin makaranta ya yi giɓi, sai da aka haɗa da akuyar gida.

Cikin tukwanen da aka zuba da wilin, ya karɓi guda. A cikinta aka dafa tuwon daren da yaron zai tafi makaranta.