Manhajar ta mutum ce ko ta tebur?

Ranar Litinin ɗin da ta kama aiki a sashen ajiyar kaya, bayan shekara shida a sashen albashi, ta kunna kwamfutarta, ta shigar da sunanta da kalmar sirri, sai ta tarar manhajar biyan albashi ta yi ɓatan dabo. Babu wanda ya taɓa na'urar a ƙarshen mako. Jami'in fasahar ma'aikatar ne, daga kujerarsa a hawa na ƙasa, ya ɗauke sunanta daga wani rukuni ya kai wani. Abin ya sosa mata rai fiye da takardar canjin wurin aikin, domin takarda sanarwa ce kawai, wannan kuwa tamkar karɓe makulli ne.

Tsarin da ya yi mata haka ya girmi wasu abokan aikinta. Da Windows 2000 kamfanin Microsoft ya fito da Active Directory, wato kundin sunayen ma'aikata da kwamfutocin ma'aikata guda, tare da Group Policy, hanyar shimfiɗa musu doka daga wuri ɗaya. A ma'aikatu da yawa, wannan ne ya raba jami'in fasaha da yawon tebur-tebur da faifai a hannu. Sai dai ya bar masa tambayar da na'ura ba za ta amsa masa ba: wa za a ba manhajar, mutum ko kwamfuta?

Idan kwamfuta aka ba, manhajar kan sauka lokacin da aka kunna na'urar, tun kafin kowa ya shigar da sunansa, kuma duk wanda ya zauna a teburin zai same ta. Haka ya dace da kwamfutar ɗakin marasa lafiya, wadda ma'aikatan jinya na safe da na dare ke karɓa-karɓa a kanta. Idan kuwa mutum aka ba, sai ta riƙa bin sa kamar inuwa: duk kwamfutar ma'aikatar da ya shiga zai ga alamarta, amma yawanci ba ta sauka sai ya danna ta, ko ya buɗe fayil irin nata. Akwai hanya ta uku, ta mutane kaɗai, inda ake jera manhajar a wani jeri, mai so ya ɗauka.

Kowace hanya da inda take cizo. A ba kwamfuta manhajar albashi, gobe a miƙa kwamfutar ga ɗan bautar ƙasa, to an kai shi bakin ƙofar da bai kamata ya san da ita ba, ko da ba shi da izinin ganin bayanan ciki. A ba mutum mai yawan sauya tebur manhaja mai tsada, sai ya bar kwafinta a duk inda ya zauna, lissafin lasisi ya dagule. Shi kansa lasisin ya karkata ga mutum: a yawancin tsare-tsaren Microsoft 365, ma'aikaci ɗaya na iya ɗora Word da Excel a kwamfuta har biyar. Masu rubuta jadawalin muƙamai ba su cika lura da wannan ba, alhali jerin da ke hannun jami'in fasaha ya fi nasu faɗin gaskiya a kan wanda aka amince wa da me.

Abin da ya same ta wani ɗan zaɓi ne a cikin tsarin, mai cewa a cire manhaja da zarar mai ita ya fita daga hurumin dokar da ta ba shi ita. Ta sauka ƙasa ta tambaya. Jami'in ya miƙe ya gaishe ta, ya ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, umarni ne daga sashen kula da ma'aikata,” ya nuna mata takardar, mai ɗauke da kwanan watan Juma'a. Da ta koma teburinta sai ta lura da wata sabuwar alama, ta manhajar lissafin kaya. Ta danna, ta zauna tana jiran ta gama sauka.