Dukushin da na kawo Garu

Da aka rufe gadar Gaya a 2023, fatauci ya tsaya cik, sai na zuba ragowar jarina a kan wani ɗanyen dukushi da bai san ragama ba. Uwargida ta ce, "Alhaji, kuɗin makarantar yara fa?"

Mako uku ban hau shi ba. Dusa da kanwa a tafin hannu, in shafa wuyansa, in yi masa magana. Maƙwabta suka ce bulala ta fi sauri, amma na sha ganin dokin bulala ya kayar da ubangidansa a tsakiyar kasuwa. Buhun yashi ya fara ɗauka kafin sirdi.

Yanzu shi ke jan amalanken albasa zuwa Malanbil. Har yau dai in babur ya wuce, sai na sauka na riƙe shi.