Uku, Huɗu, Biyar

A watan Satumban 2011 na shiga ajin farko na babbar sakandare a wata makarantar gwamnati da ke gefen Abuja, kuma a kanmu sabuwar manhajar hukumar NERDC ta fara aiki. Aka ce kowane ɗalibi, na kimiyya ne ko na adabi, sai ya zaɓi sana'a guda cikin sama da 30 da aka jera, ya kuma rubuta ta a jarrabawar fita. Yawancin 'yan ajinmu suka ruga wajen kwamfuta da kasuwanci, inda riga ba ta ɓaci. Mu goma sha ɗaya muka ba da sunanmu a darasin jera bulo da aikin kankare.

Da na faɗa wa Baba da daddare, sai ya tsame hannunsa daga kwanon tuwo. Shi ya baro ƙauyenmu na ƙasar Katsina tun zamanin Shagari, lokacin da ake sarar daji ana fitar da titunan Garki da Wuse. Kwanon sarki ya fara ɗauka, ya zama yaron birkila, har ya zama birkila. Ranar 12 ga Disamban 1991 da Babangida ya taro daga Legas, Baba yana cikin dubban da suka gina garin amma ba su da ɗakin kwana a cikinsa. Har na girma haya muke yi a Dutsen Alhaji.

"Kai yanzu," in ji shi, "abin da na sa ka boko don ka tsere masa shi za ka je ka ɗauko?" Ya buɗe mini tafin hannunsa, duk siminti ya tsattsage shi. Na kasa cewa komai. Inna ce ta ce a bar yaro ya ci abinci.

Shekarar farko a allo muka yi ginin. Ba siminti, ba yashi, cokalin gini biyu ne kacal a makarantar. Mun haddace cewa buhun siminti kilo 50 ne, cewa kwaɓin kankare awo ɗaya ne na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, cewa sai ya kwana 28 ƙarfinsa ke cika. Na iya zana bango da fensir tsaf, amma ban san nauyin bulo mai inci tara ba. Har yau abin yana ci mini rai, domin an rubuta manhaja mai kyau an manta cewa gini da hannu ake koyonsa.

Malaminmu bai haƙura ba. A shekara ta biyu ya roƙo ragowar bulo daga wani gini da aka kammala, ya sa muka kwaɓa jar ƙasa da yashi a madadin siminti, don in mun gina mu iya rushewa mu sake. A bayan ajujuwa, ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, kowa ya sami filinsa. Na ɗora bango mai kusurwa, layi biyar. Na yi kwana uku ina zagaya shi ina jin daɗi.

Wata Alhamis Baba ya zo biyan kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Ban san wanda ya nuna masa wurin ba, sai ganinsa na yi tsaye a kan aikina, hannuwa a baya. Ya gaisa da Malam, ya ce, "Malam, a ba ni izini?" Ya ciro zare daga aljihu, ya ɗaura wa tsakuwa, ya sake ta daga saman bangon. Zaren ya sauka sak, bangon kuwa ya kauce masa da kusan faɗin yatsa biyu. Bai yi mini faɗa ba. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya sauke bulon ɗaya bayan ɗaya har ƙasa.

"Daga kusurwa ake farawa. In kusurwa ta yi ƙarya, duk gidan ya yi ƙarya." Ya kafa turaku, ya auna ƙafa uku a gefe guda, huɗu a ɗaya gefen, ya ce in tsakaninsu bai ba da biyar cif ba, kada a ɗora ko bulo ɗaya. Sai Malam ya yi murmushi ya juyo gare mu: "Wa ya gane wannan?" Shiru. Ya ɗauki tsinke ya rubuta a ƙasa: tara da sha shida, ashirin da biyar. Lissafin Pythagoras ne, wanda muka sha wahalarsa tun ƙaramar sakandare. Baba bai taɓa jin sunan ba. Ya ce wani fomin ɗan Gana ne ya koya masa, kuma sama da shekara ashirin da shi yake fitar da harsashin gida. Na dubi mahaifina da singileti da hula, yara goma sha ɗaya sun kewaye shi, na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro.

Daga nan Malam ya roƙe shi, ya riƙa zuwa duk Asabar ɗin da ba shi da aiki, ba ko sisi. Ya koya mana jan igiya daga kusurwa zuwa kusurwa, da saɓa bulo don kada gaɓa ta hau kan gaɓa, da yadda ake murza yashi a hannu a gane ko da laka a ciki. Ya kai mu kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, ya kankare bulo da ƙusa, ya nuna mana wanda aka yi wa rowar siminti yana zuba kamar gari. A hanya muka bi ta wani gini inda masu shimfiɗa tayil duk Faransanci suke yi, 'yan Togo da Benin. Baba ya ce kada mu ji haushinsu, tun suna yara aka zaunar da su wajen oga suka koya har hannunsu ya faɗa, shi ya sa masu gida ke nemansu.

A 2014 muka yi jarrabawar WAEC, har da ta aikin hannu, a karo na farko da siminti na gaske. Da asubar ranar Baba ya miƙo mini cokalinsa, wanda bakinsa ya cinye ya koma siriri saboda daɗewa. Mai duba jarrabawa ya ɗora ma'auninsa a bangona, ya duba ta sama ya duba ta gefe, ya yi rubutu ya wuce.

Da na fito na tarar da Baba a bakin ƙofar makaranta, ya bar aikin ranar. Bai tambaye ni yadda ta kasance ba. Ya kama hannuna ya juya, ya ga inda siminti ya fara cin fatar yatsu, ya ciro ɗan gwangwanin man kaɗe daga aljihu.

"Ka wanke tukuna, sannan ka shafa. Kada ka bari ya kwana."