Tulun Zoɓon Inna

A unguwar Hausari ta Maiduguri na tashi, a gidan da zoɓo ya riƙe. Inna, Allah ya jiƙanta, takan sayo soɓorodo da citta da kanumfari a Kasuwar Gamboru, ta tafasa su da ɓawon abarba, wani lokaci ta jiƙa tsamiya ko goruba ta tace a ciki. Da cinikin wannan tulu aka ɗinka mini kayan makaranta.

Sai dai zafin Afrilu a Borno ba ya raga wa abin zaƙi. Idan zoɓo ya yi kwantai kwana biyu, sai kumfa ta taso a bakin tulu, ƙanshinsa ya yi kaifi. Daga baya na fahimci aikin yis ne, mai juya sukari ya zama barasa. Shi masu burukutu ke zaman jira a kan dawarsu, shi kuma Turawa ke nema da gangan in sun zuba 'ya'yan itace a giyar da suke dafawa a gida. Inna kuwa gudunsa take yi.

Wata rana tulu na cike, gida babu ko mudun gero. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta yi shiru. Na ce, "Inna, ai in an ƙara sukari da ƙanƙara ba mai ganewa." Ko dubana ba ta yi ba. Ta ce, "Kama mini nan." Muka rinjayi tulun zuwa bakin kwata. Jan ruwan ya gangara har ƙofar maƙwabta, ni kuwa ina tsaye ina lissafin kofi nawa ke wucewa.