Jijiyar da Ido Ba Ya Gani

Tun da aka fara harhaɗa motar Peugeot a Kaduna cikin 1975, ƙirar 504 ta zama raƙumin hanyoyin ƙasar Hausa. Masu riƙe da tsofaffinta sukan kula da fenti da kujeru, su mance da siririn bututun ƙarfen nan da ke kwance ƙarƙashinta, wanda ke kai man birki ga ƙafafunta huɗu. Shi wannan mai yakan zuƙi danshi, sai tsatsa ta dinga cin bututun ta ciki, taɓon damina kuma ta waje. Ran da ya huje, direba zai taka birki ya ji ya nutse har ƙasa.

A nan ne ake gane bakaniken ƙwarai. Maha'inci yakan dandaƙe bakin bututun da guduma, ya bar ƙafa guda ba birki, mota ta riƙa fizga gefe. Mai amana kuwa zare shi yake yi ɗungurungum, ya lanƙwasa sabo bisa siffar tsohon, ya ɗaure tamau. Sa'an nan yaronsa ya hau yana tattaka birki, shi kuma yana kwance yana sassauta noti, har iskar da ta maƙale ta fice, domin iska tana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa.

Mai mota yakan yi kukan tsada. Amma fa araha ba ta ado, balle a gangaren Hawan Kibo da fasinja bakwai.