Tsohuwar Bindiga A Gwanjo: Ƙarfe Ake Saye Ko Shaida?

Mu da muka tashi a kasuwa, idan aka ce gwanjo abin da ke fara zuwa ranmu shi ne dilar tufafi da takalman da wani ya sa ya gaji. A Amurka da Ingila kuwa akwai gwanjon da attajirai ke cika zaure, wasu na bugo waya daga wata ƙasa, ana ƙara tayi a kan tsohuwar bindigar soja wadda rabonta da harsashi ya kai shekara tamanin. A shekarar 2016 kamfanin gwanjo na Rock Island ya sayar da wata bindiga ƙirar Winchester 1886 a kan dala miliyan 1 da dubu 265. 'Yan uwanta suna nan birjik, ana sayar da su 'yan dubbai. Abin da ya ɗaga wannan shi ne ita ce mai lamba 1, kuma kyauta ce da aka ba Kyaftin Henry Lawton, hafsan da ya jagoranci farautar Geronimo, jagoran mayaƙan Apache, a 1886.

Da farko abin yakan ba mu dariya. Amma duk wanda ya taɓa zama a rumfar gwal, ko ya yi dillancin mota ko na fili, idan ya ɗan nutsu zai ga cinikin ba baƙonsa ba ne. Ƙarfen da katakon ba su kai komai ba. Shaida ake saye, kuma duk inda shaida ta yi tsada, masu ƙera ta jabu suna nan kusa.

Ɗauki bindigar sojan Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu, Mauser K98k. An fara ba sojoji ita a 1935, kuma kafin yaƙin ya ƙare an ƙera sama da miliyan 14, don haka ba ƙaranci ne ke ba ta daraja ba. Jamusawa suna da al'adar buga lambar bindiga a sassanta daban-daban: a jikinta, a bututunta, a ƙarfen da ake ja a ɗana harsashi, har a katakon. Wadda duk lambobinta suka zo ɗaya, wato ba a taɓa canja mata komai ba tun daga masana'anta, ita masu tarawa ke rububi. Tarayyar Sobiyet kuwa ta kwashi ganimar waɗannan bindigogi masu ɗimbin yawa, aka wargaza su, aka sake musu baƙin launi, aka harhaɗa su yadda hannu ya kai, ƙarfen wannan a jikin waccan. Bayan shekaru aka shigar da su Amurka da araha. Dukkansu na gaske ne, dukkansu sun ga yaƙi, amma mai lamba ɗaya takan ninka mai gauraye sau biyu, sau uku, ko fiye.

Wannan tazarar ita ce gonar mazambata. Mutum zai sayi mai gauraye, ya goge tsohuwar lamba, ya buga sabuwa. Wani ya ƙara mata tambarin rundunar SS ko hoton ƙoƙon kai, don ya san akwai masu kuɗin da ke haukar irin wannan. Su kuma masana sai su ɗauko madubin ƙara girma. Suna duba siffar kowane adadi, domin kowace masana'anta da irin hannunta. Suna shafa wurin ko ya ɗan lotsa saboda gogewa. Suna gwada harufan sirri na masana'anta, kamar byf na Mauser da ke Oberndorf ko bnz na Steyr da ke Ostiriya, da shekarar da aka buga da hatimin jami'in da ya duba ta, ko sun dace da juna. Ba shi da bambanci da yadda mai gwal ke goga sarƙa a dutse ya ɗiga ruwan gwaji, ko da kuwa an rubuta 21 a maƙallinta.

Abin da ya fi tsaya mana a rai a nan shi ne yadda kasuwar ta juya wa bindigar da ta fi wahala baya. Wadda ta sha laka, katakonta ya karye aka canja, soja ya ari ƙarfen ta abokinsa da ya faɗi, ita ce mai arha. Wadda ta kwana a ma'aji ba ta ga komai ba, ita ce mai tsada. Bindigar sojan Amurka ta M1 Garand ma haka take. An ƙera sama da miliyan 5, kuma akasarinsu sun bi ta ma'aikatun gyara na soja an musanya musu sassa. Don haka wasu ke bin kasuwa suna tsinto sassan da suka dace da watan da aka ƙera jikin, su haɗa. A wurin masu tarawa wannan sunanta "daidai", ba "asali" ba, kuma dillalin kirki zai rubuta wace ce a cikin biyun. Wanda ba na kirki ba sai ya yi shiru, ya bar mai saye da zatonsa.

Wani lokaci kuma jabun kan ba da dariya. A yankin Khyber, kan iyakar Pakistan da Afganistan, maƙeran garin Darra Adam Khel sun daɗe suna kwaikwayon bindigogin Ingila irin su Martini-Henry da Lee-Enfield da hannu, har da tambarinsu. Sai dai akan samu harafin N na kalmar ENFIELD ya juya baya, ko a ga alamar Sarauniya Biktoriya tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a shekarar ta rasu. Sojojin ƙasashen waje da suka yi aiki a Afganistan sun sayi irinsu da yawa a matsayin tsaraba.

Ta Japan kuwa, Arisaka, tana da tambarin fure na sarkinsu a samanta. Bayan sun miƙa wuya a 1945 an kankare furen a yawancin waɗanda aka miƙa, don haka mai furenta garau ta fi kuɗi.

Akwai ɗabi'armu da za ta kashe mu a wannan kasuwa. Mu idan za mu sayar da tsohon abu sai mu wanke, mu goge, mu shafa masa fenti ya yi ƙyalli. A can, goge katakon da takardar yashi ko sake wa ƙarfen launi shi ne babbar asara, domin an tafi da tambura da tsufan da ke ba da shaida, kuma ba sa dawowa. Takarda ma tana da nata farashin. Sojan Amurka da ya dawo gida da bindigar ganima akan ba shi takardar izini mai ɗauke da sunansa da sa hannun hafsansa, sau da yawa har da lambar bindigar. Wannan 'yar takardar da ta yi ja don tsufa tana iya ɗaga kuɗin sosai, shi ya sa ita ma ake buga jabunta.

Sannan kuɗin da ake ji a labarai ba shi ne ke shiga aljihun mai kaya ba. Kamfanin gwanjo na ɗora wa mai saye la'adar da takan kai kashi 15 cikin 100 ko fiye, ya kuma yanki tasa daga mai sayarwa. Farashin ma ba ya zama wuri ɗaya. Mosin-Nagant ta Rasha an taɓa sayar da ita ƙasa da dala 100 a shagunan Amurka lokacin da ake ta kwararo ta. Da kwararowar ta tsaya, kuɗinta ya ninka sau da yawa.

Kada wani ya karanta wannan ya fara lissafi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja masu harsashin .303 da 7.62 cikin haramtattu, kuma tsufansu ba ya fitar da su. Abin da ya shafe mu shi ne sauran kayan da suka rage. Kakanninmu da yawa sun riƙe Lee-Enfield a dazukan Bama, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Bindigogin sun koma ma'ajin gwamnati, amma lambobin yabo da takardun sallama da hotuna suna nan a ƙasan adakoki a gidajenmu, wasu gara ta fara ci. Lambar Tauraron Bama da Ingila ta raba ba a rubuta sunan kowa a bayanta ba. Idan takardar sallama ta ɓace, kuma tsohuwar da ta san bataliyarsa da garin da aka ɗauke shi soja ta rasu ba a rubuta ba, tagulla ce kawai mai ƙyalle, irin wadda ake samu a tiren masu sayar da kayan tarihi a bakin otal-otal na Legas.